SUNAYE A FIRITAUN, ASALI A ACHIKA

Sanin kowa ne cewa tarihin ƙasar Hausa cike yake da labarin fatake masu ƙetare Sahara da alhazai masu nufar gabas. Amma akwai wani ayarin da ba a cika ambatonsa ba, wato na mutanen da aka kama a yaƙe-yaƙe da hare-hare, musamman bayan shekarar 1804, aka gangara da su ta ƙasar Nufe da ta Yarabawa zuwa Ikko da Badagiri da Wida, aka loda su cikin jiragen ruwa zuwa ƙetaren Tekun Atlantika.

Masana sun tattara bayanin tafiye-tafiyen jiragen bayi kimanin 36,000, sun kuma ƙiyasta cewa mutum miliyan 12.5 aka ɗiba daga Afirka, miliyan 10.7 ne suka sauka da rai. Hausawa da yawa daga cikinsu a Bahiya ta ƙasar Barazil suka sauka, kuma ba su miƙa wuya ba. Su ne suka shirya tawayen da aka tona a 1807, suka sake yunƙurawa a 1814. A tawayen Musulmi na watan Janairun 1835, wanda ya faɗo cikin azumi, an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe ko aka kama, kuma takardun suna nan a ma'ajiyar tarihi ta Bahiya.

Abin takaici shi ne, masu jiragen bayi ba su rubuta sunan kowa ba. Adadi kawai suke rubutawa, kamar mai ƙirga buhunan gyaɗa. Sai bayan da Ingila ta haramta cinikin a 1807, jiragenta na yaƙi suka fara tare jiragen bayi a teku, sannan aka fara rajista. Kotunan Firitaun ta Saliyo da Habana ta Kuba sun rubuta sunan duk wanda aka 'yantar, da shekarunsa, da tsawonsa, da irin tsagar da ke jikinsa. Sunaye fiye da 90,000 na waɗannan littattafai yanzu suna kan intanet, kowa yana iya dubawa. A Firitaun ɗin ne kuma wani malamin mishan Bajamushe, Koelle, ya tattauna da mutanen Kano da Katsina, ya buga abin da ya samu a 1854.

To, amma rabin aikin ne kawai ke cikin littattafan. Akawun da ya yi rubutun ba ya jin Hausa, abin da kunnensa ya ba shi ya rubuta, kuma galibi bai tambayi mutum garinsu ba. Bahaushe ne zai karanta sunan da aka karkata ya gane Tanko ake nufi ko Kande, har ya faɗi cewa wannan ya biyo mata ne, waccan kuwa ta biyo maza. Tsohon wanzami ne zai ji bayanin zanen fuska ya bambance tsagar Kutumbawa da ta Gobirawa da ta Barebari. Irin wannan sani babu shi a London, yana nan a garuruwa irin su Achika ta Ƙaramar Hukumar Wudil, a bakin dattawa da wanzamai da maroƙa masu riƙe da salsalar gidaje.

Wannan sani kuwa ƙarewa yake yi. An kusa daina tsaga, samari ba su san ma'anarta ba, kuma duk dattijon da aka kai makwancinsa ya tafi da abin da ke ransa. Takarda tana iya jira shekara ɗari, amma mutum ba ya jira.

Saboda haka wajibi ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta tashi tsaye. Ya kamata ta haɗa kai da Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, a tura ɗalibai mazaɓa-mazaɓa, ta hannun hakimai da dagatai, su ɗauki muryar tsofaffi, su zana kowace tsaga da sunanta da zuri'ar da ke yin ta. A ajiye kofe a Gidan Makama da Gidan Arewa na Kaduna, sannan a gwada shi da rajistar Firitaun da Habana. Kuɗin da aikin zai ci bai kai na bikin buɗe hanya guda ba.

Akwai masu ganin tono wannan zance tonon asiri ne, domin da hannun na gida aka kama mutanen, aka sayar. Gaskiya ne, amma ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Jikokin waɗanda aka tafi da su suna nan a Barazil da Saliyo, waɗansunsu na neman sanin inda kakanninsu suka fito. In suka zo Kano da suna da bayanin tsaga a hannu, bai kamata su tarar babu mai ba su amsa ba.

Allah ya sa hukumomi su farga tun dattawan na raye.