Sifaniyanci: Jarin Da 'Yan Kasuwarmu Suka Yi Wa Riƙon Sakainar Kashi

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Jalingo zai ga Bamumuye da Bafulatani da Bajukune suna ciniki da Hausa, alhali kowannensu yana da harshen da ya tashi da shi a gida. Babu dokar da ta tilasta masu yin haka. Sun dai lura cewa wanda ke jin harshen mai saye ba ya buƙatar tafinta, kuma ba a cin rabonsa a tsakani. Wannan darasi da muka sani a gida shi ne muke mantawa da shi da zarar hajarmu ta tsallaka teku, musamman zuwa ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci.

Bisa rahoton shekarar 2024 na Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifen ta kafa a 1991 don yaɗa harshen, masu jin Sifaniyanci a duniya sun haura miliyan 600, kuma kusan miliyan 500 daga cikinsu da shi suka tashi. Ta fuskar masu magana da harshen uwa, Sinancin Mandarin kaɗai ke gabansa. Shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, har da yankin Puerto Rico, yana kuma cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne inda waɗannan mutane suke. Sifen kanta, mai mutane kimanin miliyan 48, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na masu jin harshen ba. Meksiko ce kan gaba, da mutane miliyan 126 a ƙidayar 2020. Sai Kolambiya da Ajantina da sauransu, ga kuma fiye da mutane miliyan 40 da ke magana da shi a gidajensu a Amurka. Harshen ya tsallaka can ne bayan tafiyar Kolombus ta 1492, shekarar da Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi. Zaman Larabawa na ƙarnuka a can ya bar masa kalmomi masu yawa. Kalmar alcalde, wato magajin gari, tushenta ɗaya da alƙalinmu.

To, mene ne ruwan ɗan kasuwar Arewa da wannan lissafi? Amsar tana cikin buhun zoɓo. Meksiko na daga cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina, domin can ma jiƙa shi suke yi su sha. A ƙarshen shekarun 2010 hukumomin ƙasar sun dakatar da shigar da zoɓon Nijeriya saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya, aka kuma ɗauki shekaru kafin a sasanta. Manoma da 'yan kasuwa ne suka sha asarar. Ba harshe ne ya sa ƙwaro a buhu ba, gaskiya ne. Amma ƙa'idojin feshi da na binciken kaya na Meksiko da Sifaniyanci ake wallafa su, kuma wanda ba ya iya karanta su sai abin da dillali ya ga damar gaya masa.

Haka nan Sifen ta daɗe tana cikin manyan masu sayen ɗanyen mai da iskar gas na Nijeriya. A nan kusa kuma ga Ikwatoriyal Gini, ƙasa ɗaya tilo mai cin gashin kanta a Afirka da Sifaniyanci ke harshen hukumarta, wadda ta sami 'yanci a 1968. Dubban 'yan Nijeriya sun yi ƙwadago a gonakin kokon tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, har zuwa tsakiyar shekarun 1970 da aka kwaso su gida. A watan Agustan 2024 ƙasashen biyu sun rattaba hannu a kan yarjejeniyar shimfiɗa bututun gas.

Wani zai ce Turanci ya wadatar, wani kuma ya ce ga mutumin Taraba, wanda ke da iyaka mai tsawo da Kamaru, Faransanci ne ya fi dacewa. Magana ta biyun tana da ƙarfi, kuma babu mai cewa a ajiye Faransanci. Sai dai Kamarun da muke maƙwabtaka da ita ta daɗe tana koyar da Sifaniyanci a makarantun sakandare, haka ma Kwadebuwa da Binin. Ke nan idan ɗan kasuwar Meksiko ko Sifen ya zo neman wakili a wannan yanki, a wajensu zai same shi. Turanci kuwa yana iya buɗe ciniki, amma amana da sassauci wajen biya sun fi samuwa ga wanda ke jin harshen abokin hulɗarsa.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991 ake maganar fitar da shayin Mambila da gahawa da riɗi zuwa ƙetare. Ƙasa tana bayarwa, abin da ya rage shi ne sanin hanyar kasuwa. Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da na Larabci a Ngala, saboda haka tsarin ba baƙo ba ne. Ya kamata Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a Jalingo a 2008, ta duba yiwuwar buɗe gajeren kwas na Sifaniyancin kasuwanci.

Su ma 'yan kasuwa bai kamata su zauna jiran gwamnati ba. Ƙungiyar masu fitar da zoɓo ko riɗi tana iya ɗaukar nauyin matasa biyar ko goma su koyi harshen, da sharaɗin su yi mata aiki na wasu shekaru. Kuɗin da za a kashe ba zai kai asarar kwantena ɗaya da aka mayar daga tashar jiragen ruwa ba. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun koyi harsunan mutanen da suka tarar, da haka suka kafa zanguna da suke nan har yau. Jikokinsu ba su da hujjar yin ƙasa da haka.