SHARHI: Kafin A Zuba Kuɗin Shinkafa A Tsohuwar Motar Ƙawa

Duk shekara idan aka gama yankan shinkafa a fadamar Jere, buhunan shanshera suka bar Zabarmari zuwa injinan casa da kasuwannin Maiduguri, kuɗi kan taru a hannun manyan 'yan kasuwa, dillalai kuwa ba su barci. Cikin hajar da akan tallata wa mai hali har da tsohuwar motar ƙawa mai ƙofa biyu, irin wadda aka ƙera da hannu a Turai shekara 40 ko 50 da suka wuce. Dillali zai nuna hotonta a waya, ya ce ai wannan ajiya ce, kullum daraja take ƙarawa. Zancen nasa yana da ƙamshin gaskiya a birnin Landan ko Faris, amma a Jihar Borno akwai lissafin da ya kamata a yi tukuna.

Alal misali, a ɗauki motar Morgan, wadda ake ƙerawa a garin Malvern na ƙasar Ingila. Kamfanin ya haura shekara 100, kuma har yanzu kafintoci ne ke sassaƙa ƙashin jikin motar da katako, sa'an nan a lulluɓe shi da ƙarfe marar nauyi. 'Yan ɗaruruwa kawai yake fitarwa a shekara, wannan ƙarancin kuwa shi ne tushen tsadarta. To, amma katakon da ya zauna lafiya cikin sanyin Ingila, a nan zai gamu da gara, da zafin bazara mai wuce digiri 40 a watan Afrilu, da bushewar hunturu mai tsaga itace. Cikin motar kuma dab yake da ƙasa, ba don rairayi da kwazazzaban hanyar gona aka yi shi ba. Bugu da ƙari, da yawa daga irin waɗannan motoci na Ingila sitiyarinsu a dama yake, alhali Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, doka kuma ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama a kan titi ba. Juya sitiyarin yana cin kuɗi, kuma yana zubar da darajar da aka sayi motar dominta.

Babban abin dubawa ga ɗan kasuwa shi ne wanda zai saya daga hannunsa ranar da ya matsu. A Turai akwai gidajen gwanjo, da ƙungiyoyin masu irin motar, da kamfanonin inshora da suka san kimarta. Wanda ya ajiye ta a Maiduguri ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kadarar da ba ta da masu taya biyu ko uku a lokaci guda, farashinta a baki kawai yake. Kayan gyaranta kuma da fam ko yuro ake sayensu. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, cikin 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Kuɗin da zai kwanta a gareji yana jiran fitila ko kafireto daga Ingila, da shanshera aka saya da shi lokacin kaka, ko injinan ban ruwa, da ya juya ya dawo kafin wata damina.

Wannan ba ya nufin sha'awar tsohuwar mota abin kunya ce. Mai arziki yana da damar ya more abinsa, in dai ya san kashewa yake yi. Kuma ba sai ya je nesa ba, domin Arewa tana da tata motar tarihin, wato Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, masana'antar PAN da ta fara aiki a Kaduna a 1975 kuma ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Ita ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. Tana da 'yar'uwa ta ƙawa mai ƙofa biyu, da kuma mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ya kuma ƙera jikinsu daga 1969 zuwa 1983. Mai ƙofa biyun ce, da inji mai silinda 6, ta sake cin Safari a 1978.

Sai dai a lura, dangantakar tasu ta tsaya ne a inji da ƙafafu. Ƙofa, gilashi, fitilu da sauran jikin mai ƙofa biyun ba su shiga na Fijon da aka saba gani, saboda haka ba a samunsu wurin masu sayar da kayan gyara na gida. Har ila yau, yawancin masu silinda 4 ɗin ba kafireto ke ba su mai ba, famfon fesa mai ne na Kugelfischer, wanda sai ƙwararre ke iya saita shi. Wanda bai da bakaniken da ya san wannan famfo, gara ya nemi lafiyayyar 504 mai ƙofa huɗu ƙirar Kaduna, wadda duk tsohon bakanike a Maiduguri zai kwance injinta ya mayar ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ko wacce aka zaɓa, a wannan yanki abu na farko da za a nema shi ne sawun ruwa. A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya mamaye unguwanni da dama na Maiduguri da Jere, kamar yadda ya taɓa yi a 1994, motoci masu yawa suka kwana cikin ruwa. Motar da ta nutse ana iya wanke ta, a fesa mata sabon fenti, ta yi ƙyalli, alhali tsatsa na cin ta daga ciki. Mai saye ya sa a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a ciro tayar safiya a duba ramin da take zama, a leƙa bayan dashbod da tocila, a zaro bel ɗin kujera har ƙarshe. Busasshen laka a lungun da hannun mai wanki ba ya kaiwa, ko kore-kore a bakin wayoyin lantarki, ko warin ruma da aka danne da turare, duk shaidu ne. Baƙin mai ko man giya da ya koma launin shayi da madara alama ce ta cewa ruwa ya shiga. Sa'an nan a hau da motar kan rami a ƙwanƙwasa ƙarƙashinta, a bi gindin ƙofofi da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, ƙarfe ya ƙare, ciko ne mai gyaran jiki ya shafe. Inji ana iya sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu, amma jikin da ya ruɓe shi ne ke cinye jari.

A tayar da injin da sassafe yana sanyi, kada a yarda dillali ya riga ya ɗumama shi. Kuma bakaniken da zai duba, mai saye ne zai kawo shi ya biya shi, domin mai jiran la'ada ba zai ga aibu ba.

Takardu su ma sai an tsaya a kansu. Lambar shasi da ke jikin mota ta yi daidai da wadda ke kan takardar mallaka da ta kwastan. Tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, amma 'yan Kwatano ba su daina ɓullowa ba, kuma wadda ba a biya mata kuɗin fito ba, a hannun wanda aka same ta ake ƙwace ta, ko da shi ne mai saye na biyar. A rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, a kuma tabbatar wurin 'yan sanda cewa ba ta cikin jerin motocin sata.

Akwai kuma wani lissafi da ba na naira ba. Mutanen Zabarmari ba su manta da kisan manoman shinkafa da aka yi a Koshebe a watan Nuwamban 2020 ba, kuma sun san abin da ake nufi da mota ta mutu a hanyar gona da la'asar sakaliya. Saboda haka tsohuwar motar ƙawa ta tsaya cikin gari, ta Juma'a da biki da hawan Salla. Zirga-zirgar gona a bar wa akori-kura mai lafiya. Wanda kuma ya yanke shawarar saye, kada ya kai duk abin da ya ware wurin ciniki. Ya rage kashi ɗaya cikin uku a gefe, domin tayoyi, birki, lagireto da robobin da suka bushe za su nemi nasu kason tun cikin watan farko.