Ƙibar yara: gado ko abinci?

A Sabo nakan ji iyaye na cewa, "ai ƙibarsa gadon gida ce." Akwai ƙamshin gaskiya. A 2007 masana a Birtaniya suka gano wani bambanci a ƙwayar gado mai suna FTO: wanda ya gaje shi daga uwa da uba yakan ɗara waɗanda ba su gaje shi ba ko kaɗan nauyi da kusan kilo 3, kuma tun yarinta abin ke farawa. A 2015 aka gano cewa bambancin na ƙara kunna ƙwayoyin IRX3 da IRX5, sai jiki ya riƙa tara kitse maimakon ƙona shi.

Ni dai a ganina, jama'a, gado ba ya canzuwa, amma lemon kwalba da taliyar leda da muke ɗura wa yaranmu kullum, wannan kam a hannunmu yake.