Ku Dawo Mana Da Ƙugiyar Haruffanmu

Wai har yaushe za mu ci gaba da karɓar takardun da aka yi wa sunayenmu kaciya? Yaro ya taso daga Shinaka, ya biya kuɗin mota zuwa Goronyo don a cike masa fom, sunansa Ɗahiru, takarda ta fito da "ÆŠahiru" ko alamar tambaya a gurbin harafin farko. Ya yi magana, mai shago ya ce: "Haƙuri za ka yi, kwamfuta ba ta san Hausa ba." Wallahi wannan zance ƙarya ne, kuma ya ishe ni.

Kwamfuta ba ta san Turanci ba ma. Lamba kawai ta sani. Kowane harafi lamba aka yanka masa, ana ajiye ta a cikin bayit, wato jerin sifili da ɗaya guda 8. Tsarin ASCII da Amurkawa suka fitar a 1963 gurbi 128 kacal gare shi, daidai bukatarsu: daga baya k ta samu 107, ƙ ba ta samu komai ba. To, amma wannan uzuri ya mutu tun 1991 da aka kawo Unicode. A can ƙ tana da lamba 409, ɓ tana da 595, ɗ tana da 599. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wanda ke ajiye kowanne daga cikinsu a bayit biyu. Tarkacen nan "ÆŠ" ba komai ba ne illa bayit biyun Ɗ da wata manhaja ta karanta da tsohon tsari, ɗaya bayan ɗaya. Sakacin wanda ya gina manhajar ne, da na wanda ya biya shi bai duba ba.

Abin bai tsaya nan ba. Saƙon tes na waya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ƙ guda ɗaya sai ya koma 70, domin tsarin GSM bai tanadi haruffanmu ba. Ke nan manomin albasa da ya rubuta wa dillalinsa Hausa daidai, kuɗin saƙo biyu ko uku zai biya. Tara ake cin sa saboda ya girmama harshensa. Shi ya sa jama'a suka watsar da ƙugiya, har yara suka taso ba sa bambance baki da baƙi a rubuce.

Tun shekarun 1930 aka daidaita waɗannan haruffa a Zariya, zamanin da ake jera dalma da hannu a maɗaba'a. Mutanen da suka yi haka da kayan aikin da ba su kai namu ba, mu da wayoyi a aljihu me za mu ce musu? Ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance a Wurno, ƙasar da ta haifi Sardauna a Rabah, ba ta cancanci a koya mata ƙimar rubutu ba.

Saboda haka duk hukumar da za ta ba da kwangilar manhaja ta sa sharaɗin UTF-8, ta gwada da Ɓ, Ɗ da Ƙ kafin ta biya ko kwabo. Masu shagunan kwamfuta su saka allon rubutun Hausa, kyauta ne. Malaman firamare su riƙa cire maki a kan ƙugiya. Kai kuma ɗan'uwa, in an miƙo maka takarda da gurɓataccen suna, mayar musu su gyara.