Ƙwaro A Cikin Ƙunshi: Jan Kunne Ga 'Yan Kasuwarmu

'Yan'uwa 'yan kasuwar Kye-Ossi, masu aika iri, goro ko sandar rogo zuwa Libreville ta gidan waya ko hannun direba, mu yi hattara. Doka ta hana kayan shuka ƙetare iyaka sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, kuma hukumar AGASA ce ke duba su a Gabon.

Wasu na cewa neman kuɗi ne kawai. To, mu tuna 2016, lokacin da ƙwaron tumatir, ɗan asalin Kudancin Amurka, ya cinye gonakin Kano da Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Ƙwayayen ƙwaro kaɗan cikin ƙunshi sun isa su jawo irin wannan asara.

Alhaji, karɓi takarda kafin ka aika. Rigakafi ya fi magani.