Kafin ku nuna mana jirgi marar matuƙi, ku kawo taki a kan kari

Wata sabuwar kalma ta shigo bakin masu furoje: noman ƙididdiga. Za a kama zauren otel a Yamai, a haska hoton jirgi marar matuƙi yana shawagi bisa gona, a ce tauraron ɗan'adam zai gaya wa manomi inda ƙasarsa ke jin yunwa. A tafa, a karɓi kuɗin zama, a watse. Ni ɗan Madarunfa ne, na yi jami'a, kuma ba ni da faɗa da kimiyya. Faɗana da masu ɗauko kimiyyar da ba ta isa gona ba, suna rufe wadda ta riga ta isa.

Mene ne noman ƙididdiga in an cire masa kwalliya? Ka ba shuka abincin da take buƙata, gwargwadon da take buƙata, a wurin da saiwarta za ta same shi, a lokacin da ya dace. Shi ke nan. Kuma wannan ilimin, a sigar da talaka zai iya, a ƙasarmu aka gwada shi. Tun shekarun 1990 masu bincike na ICRISAT a Sadore da na INRAN, wadda ke da cibiya a Tarna nan bakin Maraɗi, suka tabbatar da abin da ake kira mikrodoz: maimakon a watsa taki a gona kamar ana ba kaji tsaba, sai a sa ɗan kaɗan a kowane ramin shuka. Giram 6 na NPK 15-15-15, wato cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu uku za su tsunkuno.

Ku yi lissafin da ni. In an bar taki guda, kusan mita ɗaya, tsakanin rami da rami, hekta na ɗaukar ramuka 10,000. Giram 2 sau 10,000 ya ba da kilo 20. Ke nan buhu ɗaya na DAP mai kilo 50 zai wadaci hekta biyu da rabi. A gwaje-gwajen da aka yi a Nijar da Mali da Burkina Faso, ICRISAT ta ba da rahoton ƙarin amfanin gero da dawa daga kashi 44 har zuwa kashi 120 cikin ɗari. A ƙasar da hektar gero ba ta cika wuce kilo 500 ba, wannan shi ne bambancin rumbun da ya ƙare a watan Maris da wanda ya kai iyali bakin kaka.

Dalilin kuwa a bayyane yake. Jigawarmu rairayi ce, abin da ta fi rasa shi ne sinadarin fosfor, wanda ke ƙarfafa saiwa tun shuka tana ƙarama. Manomin da ya tara ƴan kuɗinsa ya sayi ure kaɗai, mai azot zalla, ya zuba wa ƙasar da ke kukan fosfor, ya yi kamar mai ba majinyaci maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba. Wa ya kamata ya gaya masa? Malamin gona. Ku tambayi danginku na Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma yaushe rabon da malamin gona ya tsaya a bakin gonarsu.

To, in dabarar ta fi shekara ashirin a hannu, me ya hana ta game ƙasa? A nan ne ƴan birni ke saurin cewa wai mutanen ƙauye ba su son canji. An bar jaki ana dukan taiki. Manomin Jiratawa da ke noman rani a fadamar da aka gyara, ya san awon ruwa da na taki fiye da da yawa daga cikinmu masu digiri. Mutanen jihar Maraɗi ne suka rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980, suka bar gawo da kalgo da sabara suka sake tsiro a gonaki, har duniya ke zuwa koyo. Mutumin da ya yi wannan, ba za ka ce masa mai taurin kai ba.

Abin da ke kashe shi abu uku ne. Na farko lokaci: mikrodoz aikin ranar shuka ne ko kwanaki kaɗan bayanta, kuma ruwan shuka a wajenmu galibi cikin Yuni yake sauka. Takin da ya iso bayan gero ya yi kara, ihu ne bayan hari. Na biyu awo: ana sayar da buhun kilo 50 ga mutumin da aljihunsa na kilo 5 ne, in kuma ya sayi na tiya a kasuwa, ba shi da hanyar sanin ko an cuɗa shi da wani abu. Na uku kuɗi: a kaka yake sayar da hatsinsa da arha don biyan bashi, a bazara ya sake sayensa da tsada, lokacin shuka hannunsa wayam.

Su ma waɗannan an san maganinsu. Tun 1999 shirin kayan noma na hukumar FAO ya yaɗa kantunan ƙauye masu sayar da taki a ƙananan ƙunshi, da warantaji: manoma su ajiye hatsi a sito a matsayin jingina, su karɓi rance, su sayar lokacin da farashi ya tashi. Ya yi aiki a inda aka riƙe shi. Amma mun saba, furoje na naɗe tabarmarsa sai a bar sito da kwado.

Alkawari kuwa mun sha shi. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ce kafin 2015 kowace hekta za ta samu kilo 50 na sinadarin taki. Nijar ko kusa ba ta je ba, tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin amfani da taki a duniya. A 2018 aka yi wa harkar taki garambawul, aka buɗe wa ƴan kasuwa ƙofar da a da CAIMA ta fi riƙewa. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya harba farashi sama. A 2023 aka rufe iyaka, mu da Ɗan Isa ke maƙwabtaka da Jibiya muka ji a jikinmu. Duk wannan kuma muna zaune kan dutsen fosfat a jihar Tawa, wanda bincike ya nuna yana gyara ƙasa. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Wani zai ce mikrodoz ba ya warkar da ƙasa, tunda shukar da ta yi ƙarfi ta fi zuƙe abin da ya rage. Gaskiya ne, shi ya sa masanan da kansu suka ce a haɗa shi da takin gida, a bar kara a gona, a juya gero da wake ko gyaɗa, a raya gawo. Wannan hujja ce ta ƙara malaman gona. Wayar salula ma tana da wurinta: ta kawo hasashen ruwa da farashin kasuwa da Hausa, cikin murya, ga wanda bai yi boko ba.

Mu matasan birni, tuwon da muke ci daga can yake fitowa. Waɗanda suka girma a nan ba su manta 2005 ba, lokacin da cibiyoyin tamowa suka cika da yaran wannan yanki da ake kira rumbun ƙasa. Don haka a bana mu daina tafi, mu fara tambaya. Mu tambayi ma'aikatar noma da hukumomin gundumominmu: tan nawa na taki aka tanadar wa Madarunfa, wace rana zai iso, nawa ne kilo, wa ke gwada ingancinsa, malaman gona nawa ke aiki a kowace gunduma? A liƙa amsar a bakin ofis, a karanta a rediyo. Kuma wanda zai aika wa gida kuɗin damina, ya aika tun watan Afrilu, ya kira baba ya yi masa bayanin marfin kwalba. Ba a fafe gora ranar tafiya.