Sudhan ba su buƙatar aron kaka

Ni malamin lakkwal ne, kuma ba na yarda a shigo da labarin kaka da kakanni cikin aji a ce shi ne tarihi. Ku dubi Sudhan, mutanen duwatsun Rawalakot a Kashmir da ke hannun Pakistan. Da yawansu na cewa su jinin Sadozai ne, wato Pashtun daga Afganistan. Amma harshensu Pahari ne, ba Pashto ba, kuma wasu masana na ganin ƴan ƙasa ne da suka musulunta.

To, in ba Pashtun ba ne, me ya ragu daga darajarsu? A 1837 sun yi wa Gulab Singh tawaye. A 1947 sun sake tashi, ɗansu Sardar Ibrahim Khan ya zama shugaban Azad Kashmir na farko. Wannan a rubuce yake.

Iyaye da malamai, mu ma muna da Bayajida da Bagadaza. Mu ba yara labarin, amma mu faɗa musu labari ne. Yaron da aka koya wa cewa daraja daga nesa take zuwa, zai rena gidansu.